Ra'ayinmu: In matasan Gobir za su karanta gurguzu a waya, su fara da batun haraji

Tun lokacin annobar korona a 2020, karatun littafi a rukuni ta intanet ya yaɗu a duniya. Mutane kan zaɓi littafi guda, su raba shi babi-babi, su riƙa haɗuwa a WhatsApp ko Telegram suna tattaunawa. Cikin abin da ake karantawa ta wannan hanya har da littattafan gurguzu, wato ra'ayin da ke tambayar wa ke yin aiki, wa kuma ke cin moriyar aikin.

Wannan jarida na ganin irin wannan karatu zai amfani matasan Sabon Birni da Isa, muddin an tsara shi bisa halin da yankin ke ciki. Rashin tsaro ya warwatsa jama'ar waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Wasu na cikin garin Sakkwato, wasu sun tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wasu na ci-rani a Kudu. Ga da yawa daga cikinsu, waya ce zauren da ya rage.

Wani zai ce mutumin da ba ya barci da ido biyu ina ruwansa da Karl Marx. Amsar tana gona. Shekaru ke nan rahotanni na nuna yadda 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyukan yankin haraji kafin a yi shuka, su sake ɗora wani kafin a yi girbi. A Disamba 2021 an ƙona matafiya aƙalla 23 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda basarake bai tsira ba, manomi ya san matsayinsa. Shi ke noma geron, wani ke yanke rabon da za a bar masa. Wannan ita ce tambayar da littattafan gurguzu suka fi daɗewa a kanta.

Sai dai bai kamata a fara da Jamus ba, domin ƙasar Gobir ta riga ta yi wannan muhawara. Kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. A littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da ƙwace dukiyar talakawa cikin zaluncin masu mulkin zamaninsa. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma Sanarwar Sawaba da ta zo da ita ta bayyana siyasar Arewa a matsayin gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. A tsallaken iyaka, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. A 1979 kuma gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Matashin da ya bi wannan zare zai ga abin mamaki da takaici. Harajin da kakanni suka sha ɗauri da bulala kafin a soke shi ya dawo, amma yanzu mai bindiga ke karɓa, ba rasit, ba kotun da za a kai ƙara. Daga nan ne ya dace a buɗe littattafan waje: Bayanin Kwaminisanci na Marx da Engels na 1848, Sanarwar Arusha ta Julius Nyerere ta 1967, da littafin Walter Rodney na 1972 kan yadda Turai ta tauye ci gaban Afirka. A haɗa da na Dokta Yusufu Bala Usman na 1987 kan yadda ake amfani da addini wajen raba kan talakawan Najeriya.

A karanta su da ido buɗe. Marx ya gina bayaninsa a kan ma'aikacin masana'anta a Ingila, wanda ke sayar da ƙarfinsa a biya shi lada, mai jari ya riƙe rarar. Manomin albasa a fadamar Rima ba haka yake ba. Gonarsa ce, amma dillali ke yanka farashi, mai ba da bashin taki ya ɗauki nasa, ɗan bindiga ya karɓi nasa da ƙarfin tsiya. Gano inda littafin ya dace da Gatawa da inda bai dace ba shi ne karatun. Wanda ya haddace kalmomi ya kasa wannan, ɗaukar kaya kawai ya yi.

Wannan hanya ta duba al'amura na da wani amfani da yankin ke matuƙar buƙata. An saba ba da labarin rikicin a matsayin faɗan Hausawa da Fulani. Idan aka tambayi wa ke samun riba, hoton kan canza. Makiyayin da aka kore wa shanu da manomin da aka hana shiga gona duk asara suke ƙirgawa. Mai safarar makamai, mai sayen shanun sata da mai kai wa daji rahoto kuwa kasuwarsu ke ci. Fahimtar haka ba ta wanke hannun wanda ya kashe rai, amma tana hana a ɗora laifinsa a kan ƙabila sukutum.

Dole kuma a karanta inda gurguzu ya yi ɓarna. Tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka a Tarayyar Sobiyet ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 da ta kashe miliyoyin mutane. A Tanzaniya, shirin Ujamaa ya kai ga kwashe manoma da ƙarfi zuwa sababbin ƙauyuka a shekarun 1970. Rukunin da ya ɓoye waɗannan ya zama majalisar 'yan amshin shata. Haka batun addini: Marx bai yi imani da Allah ba, kuma babu dalilin ɓoye wa kowa hakan. Malam Aminu Kano malamin tafsiri ne, ya yi siyasar talakawa har ya koma ga Mahaliccinsa a 1983 ba tare da ya saki addininsa ba. Ana iya ɗaukar ma'auni a bar aƙidar mai shi.

Game da tsari, abin koyi na nan a gida. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta kafa 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa su ɗauki karatu a wurinta su koma ƙauyuka su koyar da mata cikin harshen da suke ji. Karatu daga nesa ke nan tun kafin a san waya.

Saboda haka, rukuni kada ya wuce mutum 20 zuwa 30. A ɗauki shafi biyar zuwa goma a mako. Mutum ɗaya ya karanta, ya yi bayani da Hausa a saƙon murya na 'yan mintuna, mako mai zuwa wani ya karɓa, don kada mai Turanci ya mayar da saura 'yan kallo. A tsayar da lokaci guda, misali bayan sallar isha'i ranar Juma'a. A guji taron bidiyo, domin yana cin data. A tabbatar mata na ciki kuma ana sauraronsu, tunda su ke riƙe da gidaje da dama da aka kashe ko aka sace mazajensu.

A kuma yi shirin ranar da sabis zai ɗauke. A Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa. Duk abin da aka karanta a adana shi a waya, yadda za a iya tura wa na kusa ta Bluetooth ko Xender ba tare da intanet ba.

Tsaro shi ne kan gaba. A yankin da ake fama da masu kai rahoto daji, kada a saka kowa sai wanda wani ɗan rukuni ya san shi ido da ido. Kada a ambaci sunan mutum, ko ƙauyen da ya ƙi biyan haraji, ko inda jami'an tsaro suke. Maganar da aka tura a waya ba ta dawowa. Kada kuma a karɓi kuɗin data daga ɗan siyasa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Karatu ba zai kori ɗan bindiga daga daji ba. Wannan aikin gwamnati ne, kuma wannan jarida ba za ta daina tuna mata ba. Abin da karatu zai iya shi ne samar da matasan da idan ɗan takara ya zo da buhun shinkafa za su tambaye shi: nawa aka ware wa tsaro a ƙaramar hukumar nan, ina burtalin da aka cinye, wa ke sayen shanun sata, kuma yaushe manomi zai daina biyan kuɗi kafin ya shiga gonar ubansa? Ƙungiyoyin ɗaliban yankin a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran makarantu su ne suka fi dacewa su fara. Waya na hannunsu, littattafan na nan, tambayar kuma tana jira a kowace gona.