Tsingaron da muke takewa a gona

Idan aka tambaye mu babban birnin Zamfara, nan take za mu ce Gusau. Amma fa Gusau ta zama hedikwata ne a 1996 da aka ƙirƙiri jihar. Sarautar Zamfara ta dā, a nan yankinmu ta tashi.

Ruwayar baka ta ce Zamfarawa sun fara zama a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, inda ake nuna wasu dogayen kaburbura da ake cewa na sarakunan farko ne. Daga baya suka gina Birnin Zamfara, can wajen Isa, maƙwabciyar Shinkafi. Birnin ya faɗi a hannun Sarkin Gobir Babari wajajen 1762, Gobirawa suka mayar da Alkalawa babban birninsu. Ita ma Alkalawar ta faɗi a 1808 lokacin jihadi, kuma cikin mayaƙan da suka ci ta har da Namoda, wanda Ƙaura take amsa sunansa.

To, me ya rage a waɗannan kufai? Galibi burbushin ganuwa ne, sai tsingaro, wato fasassun tukwane. Kada mu raina tsingaro. Katako yana ruɓewa, tufafi gara ta cinye, amma gasasshen yumɓu yana ɗaruruwan shekaru a ƙasa. Daga kaurinsa da zanen bakinsa, masana sukan gane ko randa ce ko tukunyar girki, har su kwatanta hannun maginan wani gari da na wani.

Mu dubi yadda wasu suka riƙe nasu. A Meissen ta ƙasar Jamus, zuriyar Wettin ta riƙe sarauta tun 1089. A 1710 wani sarkinsu, Augustus, ya buɗe masana'antar tangaran a cikin tsohon gidan sarautar garin. Ba da jimawa ba suka fara zana takubba biyu a giciye a gindin kowane kofi da faranti, kuma har yau da wannan alama ake gane kayansu. Su sun san shekarar komai saboda sun rubuta. Mu kuwa maginan tukwanenmu ba su sa alama ba, ga shi roba da firji suna korar randa daga tsakar gida.

Ba mu ce kowa ya kama hanyar kufai ba, mun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Aikin yana nan cikin gida. Mu tambayi kaka: wa ya gina randarta, a wace kasuwa aka sayo ta, ina ake haƙo yumɓun? Mu rubuta amsar da kwanan wata. Wanda kuma fartanyarsa ta tono tsingaro mai zane a gona, kada ya yi jifa da shi. Ya lura da wurin, ya kai wa malamin tarihi ranar Litinin.