Gani Ya Daina Korar Ji: Shafukan Bogi, Satar Fasaha da Hotunan Na'ura

A shekarar 2022 wani ma'aikacin gwamnati ya maka jarumar Kannywood Hadiza Gabon a kotun shari'ar Musulunci da ke Magajin Gari a Kaduna. Ya ce ta yi masa alkawarin aure, har ya kashe mata naira 396,000, sannan ta juya masa baya. Ita kuwa ta shaida wa kotu cewa ba ta san shi ba, ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Jama'a sun ɗauki labarin abin raha, aka yi ta barkwanci da shi a kafafen sada zumunta. Amma tambayar da ke ƙarƙashin shari'ar ba ta dariya ba ce, kuma ta shafi duk wanda ke riƙe da waya daga Malumfashi har Maraɗi: idan suna da hoto da murya suka bayyana a fuskar waya, ta yaya mutum zai tabbatar da wanda yake magana da shi?

Bahaushe ya daɗe yana cewa gani ya kori ji. Karin maganar ta yi aiki a zamanin da ido ba ya ganin abin da bai faru ba. Yau kuwa ana iya nuna wa ido hoton gonar da ba a taɓa shukawa ba, da fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba, a jiyar da kunne muryar mawaƙi yana rera abin da bai taɓa fita daga bakinsa ba. Saboda haka kaifin ido kaɗai ba zai ƙara wadatarwa ba. Abin da zai raba gaskiya da jabu shi ne sanin asalin abu: wa ya yi shi, a ina, yaushe, kuma wa zai tsaya masa.

Fuska uku na cuta ɗaya

Fuska ta farko ita ce sojan gona. Wani zai buɗe shafi da sunan jarumi, ko malami, ko ɗan siyasa, ko dillalin taki, ya kwaso hotunansa daga shafinsa na gaskiya, ya shiga neman mabiya. Da shafin ya yi ƙarfi sai a fara tallar shiga fim, ko rabon tallafi, ko sayar da irin masara a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, da sharaɗin a tura kuɗin rajista. Girman abin ya wuce zato. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana bayar da rahoton rufe ɗaruruwan miliyoyin shafukan bogi a kowane wata uku. A watan Yulin 2024 ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 daga Najeriya, waɗanda ake amfani da su wajen yaudarar mutane a karɓi hotunan tsiraicinsu, sannan a yi musu barazana don su biya kuɗi.

Fuska ta biyu ita ce satar fasaha. Marubuciya za ta shafe watanni tana rubuta littafi, tana sayar da shi shafi-shafi a zauren WhatsApp ko a wata manhajar karatu, sai wata ta kwafe shi ta watsa kyauta, ko ta canza sunayen taurari ta liƙa nata sunan. Wani kuma zai ɗauki littafin ya karanta shi a tashar YouTube, ya riƙa karɓar kuɗin talla ba tare da ya nemi izini ba. Haka ake yi wa mai ƙunshi, da maɗinki, da mai zanen hula, da mai ɗaukar hoto: a goge alamarsu daga hoton aikinsu, a tallata shi a matsayin aikin wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fuska ta uku ita ce sabuwa, wato abin da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, take ƙerawa. A watan Agustan 2022 wani Ba'amurke, Jason Allen, ya ci gasar zane a bikin baje koli na jihar Kolorado da hoton da ya samar ta manhajar Midjourney. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi ta 'yan gayu ya karaɗe duniya, kuma mutane da yawa sun gaskata shi kafin a gane na na'ura ne. Wata guda bayan haka Bajamushen mai ɗaukar hoto Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar hotuna ta Sony, ya bayyana cewa abin da ya shigar ba kyamara ce ta ɗauke shi ba. A wannan watan ne kuma wata waƙa da aka haɗa da muryoyin Drake da The Weeknd na jabu ta samu miliyoyin masu sauraro kafin a sauke ta. A 2024 sai Facebook ya cika da hotunan yaran Afirka tsaye kusa da motoci da gumaka da aka ce sun ƙera da robobin ruwa. Dubban mutane suka yi ta sa musu albarka, alhali babu yaron, babu robar. Masu shafukan suna tara mabiya ne kawai, don su sayar da shafin ko su karkatar da jama'a zuwa wani tarkon.

Aro daban, sata daban

Akwai masu cewa ai fasaha duk aro ce, don haka babu abin tayar da jijiyar wuya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma tarihin adabin Hausa ya san ta. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, littafin ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, kuma da yawa daga labaransa sun samo tushe ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm na Jamus. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi sawun waɗannan tushe a nazarinsu na adabin Imam. Amma Imam bai musanta cewa an tara masa littattafai ya duba ba, kuma abin da ya ɗauko bai bar shi yadda ya same shi ba. Ya sa masa rawani, ya zaunar da shi a fada, ya ba shi harshen da har gobe ake koyon Hausa da shi. Guminsa yana cikin kowane shafi.

Wanda ya goge sunan marubuciya ya sa nasa bai ƙara komai ba sai ƙarya. Haka wanda ya ba na'ura umarni cikin jimla biyu, ta fitar masa da hoto, sannan ya ce da hannunsa ya zana. Laifin ba ya cikin amfani da na'urar. Marubucin da ba shi da kuɗin biyan mai zane, ya haɗa bangon littafinsa da AI kuma ya faɗa, bai cuci mai saye ba. Laifin yana cikin ɓoyewa. Manomin ƙasar Malumfashi da Funtuwa ya san sunan wannan hali tun zamanin da auduga ke tashe: wanda ya yayyafa wa audugarsa ruwa ko ya zuba mata yashi don ta yi nauyi a kan sikeli, algus ya yi. Ruwa ba haram ba ne, yashi ma haka, sayar da su da sunan auduga ne ha'inci.

Magabata ma sun ɗauki sunan mai aiki da muhimmanci. Marubutan waƙoƙin Hausa sukan rufe waƙa da ambaton sunansu, wani lokaci har da shekarar da suka yi ta cikin ramzi, domin ko takarda ta yi tafiya daga hannu zuwa hannu, asalinta na tafe da ita. Makaɗan baka kuwa muryarsu ce hatiminsu. Mamman Shata, ɗan Musawa da ya daɗe zaune a Funtuwa, ya rasu a watan Yunin 1999, amma duk wanda ya tashi a wannan yanki zai gane muryarsa daga nesa kafin kalangu ya gama sallama. Wannan hatimin ne yake cikin haɗari yanzu. Na'urar da ta kwaikwayi Drake babu abin da zai hana ta kwaikwayon Shata, a sa shi ya yabi ɗan takarar da bai taɓa sani ba, ko ya yi wa wani zambon da bai taɓa yi ba. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsa ba shi da ma'aunin da zai bambance.

Abin da ido zai iya, da inda ya gaza

Har yanzu akwai alamomin da hoton na'ura kan bari. Yatsu kan wuce biyar ko su narke cikin juna. Rubutun da ke jikin allo ko riga yakan fito haruffa marasa ma'ana. Fata takan yi santsi kamar an shafe ta da kakin zuma, inuwa ta faɗi ɓangaren da bai dace da rana ba. Ɗan ƙasa yana da ƙarin makami da baƙo ba shi da shi, domin na'urar ta fi koyo daga hotunan wasu ƙasashe. Takan naɗa rawani yadda ba a naɗa shi a kowace fada, ta ɗora aska a babbar riga inda ba a ɗinka ta, ta ba dawa ganyen da ba nata ba. A murya kuma, karin sautin Hausa da tsawon wasali su ne suka fi ba ta wahala, sai a ji ta kasa raba gari na zama da garin tuwo.

Sai dai waɗannan alamomi kullum raguwa suke yi. Manhajojin da ke kuskuren yatsu a 2023 sun gyara mafi yawansa. Manhajojin da aka ce suna gano aikin AI su ma suna kuskure ta ɓangare biyu: su wanke jabu, su kuma tuhumi mai gaskiya. Wannan na biyun ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin matashin da ya kwana yana zane da hannunsa zai iya wayar gari ana ce masa maƙaryaci. Alamar tantancewa mai launin shuɗi ma ta rage daraja tun da aka fara sayar da ita. A watan Nuwamban 2022 wani ya sayi alamar a Twitter, ya yi sojan gona da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sanar da cewa allurar insulin ta zama kyauta, sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata.

Bin asali ya fi wannan duka ɗorewa, kuma ba ya buƙatar digiri. Shafukan Facebook suna da sashen da ke nuna ranar da aka buɗe su da sunayen da suka taɓa amsawa, manya daga cikinsu har da ƙasar da masu gudanar da su suke. Shafin malamin da a bara yake tallar takalma ya riga ya tona kansa. Google Lens da TinEye suna nuna inda hoto ya taɓa fitowa, kuma sau da yawa hoton da aka ce na jiya ne a Ƙanƙara sai a tarar ya shekara biyar a wata ƙasa. Kafin kuɗi su fita, manhajar banki tana nuna sunan mai asusu, kuma idan sunan ya saɓa da na wanda ake zaton ana magana da shi, ciniki ya ƙare ke nan. Mai zane na gaskiya yana da zanen farko, da hoton aikin tun bai kammala ba, da tsofaffin ayyukan da ke nuna yadda hannunsa ya faɗa a hankali. Mai ƙunshi ta gaskiya tana da amaren da za a tambaya. Ga manyan labarai kuma akwai kafofin tantance gaskiya irin su Dubawa da Alkalanci, masu aiki da Hausa.

Nauyin da ke kan mai turawa

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yin sojan gona da sunan wani. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai aiki damar neman a sauke abin da aka sace masa daga intanet, kuma tana kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Amma marubuciyar da littafinta bai wuce naira ɗari biyar ba, ba za ta ɗauki lauya don zauren WhatsApp ba, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba ta da idon da zai leƙa kowane zaure.

Shi ya sa hukuncin da ya fi tasiri yana hannun jama'a. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shafin bogi ba ya rayuwa sai da mabiya, littafin sata ba ya yawo sai da masu turawa. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawarwaki da aka ɗauko daga wasu wurare, har da Kongo, aka yaɗa su a Facebook da sunan rikicin jihar Filato, suka ƙara rura wutar ramuwar gayya. A lokacin sai an nemo tsohon hoto. Yanzu ƙera shi ake yi cikin minti ɗaya, kuma yankin da ke fama da 'yan bindiga ba ya buƙatar ƙarin makamashi.

Masu kula da zaurukan marubuta, da na 'yan kasuwa, da na tsofaffin ɗalibai za su iya kafa ƙa'idoji uku tun yau. Kada a saka aikin fasaha ba tare da sunan mai shi ba. Duk abin da aka haɗa da na'ura a rubuta haka a jikinsa. Wanda aka tuhuma da sata ko jabu a ba shi damar nuna shaidar aikinsa kafin a yanke masa hukunci. Masu shirya gasar rubutu da zane su ma ya kamata su bayyana matsayinsu kan AI kafin a buɗe gasa, ba bayan an raba kyauta ba. Gidajen rediyo da jami'o'in da ke riƙe da tsofaffin faya-fayen Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa kuwa, wajibinsu ne su tattara su, su rubuta tarihin kowane ɗauka, tun kafin jabun ya yi yawan da zai shige wa na gaskiya gaba.