Ba Kowace Waƙa Ce Ta Maƙogwaronka Ba

A wannan makon zan ɗan ajiye batun alƙalami, mu taɓa na maƙogwaro.

Karaoke daga Japan ya samo asali: na'ura ta saki kiɗa babu muryar mawaƙi, baitoci na gudana a allo, kai kuma ka riƙe makirufo ka rera. Yanzu ya shigo wayoyinmu ta manhajoji irin su Smule da StarMaker. Yawancin mutane suna zaɓar waƙa ne don suna ƙaunarta, alhali ƙauna ba ta ƙara wa murya tsawo. Kowace murya tana da inda take tsayawa a sama, da inda take nutsewa a ƙasa.

A ganina, kada ka auna waƙa da farkonta, domin farko mayaudari ne. Dubi "I Will Always Love You" da Whitney Houston ta rera a 1992. A hankali take farawa, ko kiɗa babu, har ka ce ai wannan da sauƙi. Sai dab da ƙarshe ta yi tsalle sama, a nan ake barin mutane da baki buɗe. Don haka tafi kai tsaye wurin da waƙa ta fi hawa, ka rera shi sau uku a jere. In jijiyoyin wuyanka sun miƙe, ko ka ji kaikayin tari, ba taka ba ce. Gwada mafi ƙasa ma, in sauti ya koma iska zalla, nan ma ka wuce iyakarka. Kuma ka naɗi kanka a waya, don yadda kake jin muryarka ba haka jama'a ke jinta ba.

Sauke kiɗan ƙasa kaɗan ba abin kunya ba ne, na'urorin ma da maɓallin hakan ake ƙera su.

Inda abin ya shafe mu shi ne rera rubutacciyar waƙa a taro. Za ka ga matashi ya tsara baitoci masu ma'ana, sai ya ari karin waƙar fim, wadda muryarta ta bi ta Auto-Tune a sutudiyo, ko ta Lata Mangeshkar mai siririyar murya. Kafin baiti na biyar murya ta shaƙe, masu sauraro sun koma tausayinsa, babu mai bin abin da ya rubuta. Tun a ɗaki ya kamata ya gwada karin, kafin a kira sunansa a lasifika.