Kwanon maijego

Ranar suna ana yanka rago, a cika maijego da nama, bayan arba'in kuwa sai a bar ta da tuwo da miyar kuka tsura, alhali shayarwar yanzu ta fara. Wannan sakaci yana damuna ƙwarai. Bitamin A da B12 da sinadarin aidin da jariri ke samu a nono suna raguwa in abincin uwa ya rasa su, kuma aidin ne ke taimakon ginuwar ƙwaƙwalwarsa. Kalsiyam kuwa, jikin uwa ba ya yi wa jariri rowarsa, daga ƙashinta yake ɗiba ya zuba a nono. Don haka maigida ya daure da cefanen hanta, ƙwai, kifi, manja, zogale da gishiri mai aidin har a yaye yaro. Kunun kanwa ba ya maye gurbinsu, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shansa da ciwon zuciyar masu jego. Dakashi ma, wannan nonon farko mai kauri da launin ɗorawa da wasu kakanni ke sa a matse a zubar, cike yake da bitamin A da garkuwar jiki. A ba jariri shi tun sa'ar farko.