Mai Ƙaramin Jari, Kada Ka Sayi Kyamara Don Sunanta

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata ya same ni da shawara. Yayansa da ke aiki a Saudiyya ya aiko masa da 'yan kuɗi domin ya kama sana'a a Wad Haddad, shi kuma ya zaɓi ɗaukar hoto. Ya ce mini, "Kawu, ina son irin kyamarar nan da ake canza mata ido, kuma sabuwar yayi nake so ko da za ta cinye kuɗin duka." Amsar da na ba shi ita na ga ya dace in kawo a wannan fili, domin na san cikin masu karatu akwai 'yan kasuwar da ake ba su saƙon irin wannan kaya daga Gadarif, ko Gallabat, ko Port Sudan, kuma asarar ɗan uwa ba ta yi wa kowa daɗi.

Ra'ayina shi ne, mai ƙaramin jari ya nemi kyamara mai madubi ta hannu, ta Canon ko Nikon, ya rage kuɗi a aljihu domin ido mai kyau, da batir, da fitila. Ga dalilaina.

Da farko mu tambayi kanmu wane aiki za ta yi. Wad Haddad na kudu da Wad Madani ne a kan hanyar Sinnar, kuma kowa ya san abin da ya samu Jazira tun daga Disambar 2023 da yaƙi ya shiga Madani, har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka karɓe garin. Mutane da yawa sun dawo gida sun tarar babu takardu, babu hotunan iyaye da na biki. Saboda haka aikin da ke jiran mai hoto a ƙauyukanmu, daga nan har Mai Wurno, shi ne hoton takardun shaida, da na ɗalibai, da ɗaurin aure, da suna, da hoton hajar 'yan kasuwa da za a tura wa mai saye ta WhatsApp. Duk cikin wannan babu abin da ya fi ƙarfin kyamarar da aka ƙera shekara goma da suka wuce.

Masu talla sukan ruɗe mutum da lissafin megafiksel. Gaskiyar magana, hoto mai megafiksel 12 ya isa a wanke shi a takarda girman A4 ya fito tas. To, Canon 600D ta 2011 tana da 18, Nikon D3300 ta 2014 tana da 24. A shekarar 2003 da Canon ta fito da 300D mai megafiksel 6 kacal a kan dala 999 har da ido, duniya ta ɗauke shi babban labari, kuma da irinta mutane suka ci abinci shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne ido, wato gilashin nan na gaba da ake kwancewa, da kuma bakin da yake zama a kai. Kowane kamfani da irin bakinsa, idon wannan ba ya shiga wancan. Bakin Nikon da ake kira F ya fito tun 1959, na Canon da ake kira EF tun 1987, don haka idanunsu sun cika duniya, na hannu kuma suna da sauƙi. Akwai kuma waɗanda masu su suka rufe babinsu: Samsung NX, da Nikon 1, da Canon EOS M. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu da araha, ka tuna cewa ranar da idonta ya fashe sai ka sha wuya kafin ka samu wani. Ɗan kasuwar da ya sari irin waɗannan ya kawo wa mutanen ƙauye bai kyauta musu ba.

Yawancin kyamarori na zuwa da ido mai lamba 18-55. Kada a raina shi, domin shi ne na hoton taro da na cikin ɗaki. Amma idan kuɗi ya ragu, a ƙara da mai lamba 50 na Canon, ko 35 na Nikon, wanda aka rubuta wa 1.8. Ma'anar wannan lambar ita ce buɗewar ido, kuma ƙanƙantarta shi ne faɗinsa. Mai 1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda 18-55 ke shigarwa idan an ja shi ƙarshe. Wanda ya taɓa ɗaukar amarya bayan magariba a gidan da babu wuta ya san darajar wannan. Sai dai mai sayen ƙananan Nikon, irin su D3100 zuwa D3500, ya kula: tsofaffin idanun da ba a rubuta musu AF-S ko AF-P ba, ba sa daidaita hoto da kansu a jikinsu, kuma su AF-P ɗin ma ba sa aiki da D3100 da D3200. A gwada kafin a biya.

Dalili na biyu shi ne wuta. Kyamara marar madubi tana kunna allo duk lokacin da kake leƙawa, don haka tana shan batir. Sony A6000 ta 2014, wadda kyamara ce mai kyau, kamfaninta ya ƙiyasta mata hoto wajen 360 a caji ɗaya. Nikon D3500 ta 2018 kuwa 1,550 aka ƙiyasta mata. Ga wanda ke biyan kuɗi a shagon mai sola kafin ya yi caji, wannan bambanci shi ne tsakanin kammala biki da tsayawa ana kallon kallo da dangin ango.

Dalili na uku ƙura. Mu da ke zaune a ƙasar habub mun san yadda take shiga ko'ina. Duk lokacin da ka kwance ido, cikin kyamara a buɗe yake. A marar madubi, farantin da ke ɗaukar haske yana nan kusa da baki, a yawancinsu tsirara. A mai madubi kuwa yana can ciki bayan madubi da marfi. Ko wace iri ce dai, a canza ido a cikin ɗaki, bakin yana kallon ƙasa, kuma kada a kuskura a goge farantin da gefen riga.

Na san za a ce mini, ai Canon da Nikon duk sun koma marasa madubi tun 2018, me ya sa za a tura yaro ya sayi abin da zamani ya bari? Maganar na da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda bidiyo ne babban aikinsa, domin tsofaffin masu madubi ba su iya bin fuska mai motsi sosai ba, kuma da yawansu sukan yanke ɗauka kafin minti 30. Wanda bidiyon biki zai sa a gaba, ya duba marar madubi, ya sayi batir uku. Amma mai hoton tsaye bai yi asara ba, domin idanun EF da na F masu AF-S suna hawa sababbin kyamarorin ta hanyar wani zobe da kamfanonin suka yi. Gangar jiki ce ke tsufa, ido yana bin ka. Wasu kuma za su ce waya ta isa. Ta isa ga hoton buhun riɗi da rana tsaka. Idan dare ya yi, ko aka ce a wanke babba a rataye a bango, nan ake gane bambanci, kuma wannan bambancin ne mutane ke biya.

Sayen kayan hannu kuwa ba a yin sa kamar cinikin biri a sama. Ka riƙe kyamarar a hannunka. Ka nemi a duba sau nawa aka danna ta, domin ƙananan nan akan ƙiyasta musu wajen dubu 100. Ka ƙanƙance buɗewar ido zuwa 16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, duk wani tabo zai bayyana. Ka haska cikin ido da tocila ko za ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, wannan ruɓa ce, ka bar shi. Ka tabbatar akwai cajarta ta asali.

Akwai kuma maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. A wannan yaƙi an kwashe gidaje da shagunan bayin Allah a Khartoum da Madani, kayansu kuma sun bazu a kasuwanni. Idan aka kawo maka kyamara babu caja, babu kwali, babu rasit, farashinta kuma rabin na kasuwa, ka tambayi zuciyarka daga ina ta fito. Watakila jarin wani mai hoto ne irin ɗan ƙanwata. Sana'ar da aka kafa a kan hawayen wani ba ta albarka. Ka nemi rasit mai lambar kyamarar, domin shi ma zai cece ka a shingen bincike. Kuma a halin da ake ciki, kada a ɗaga kyamara kusa da gada, ko madatsar Sinnar, ko wurin jami'an tsaro.

Shawarar da na ba yaron ita ce ya kashe abin da bai wuce rabin kuɗin ba a kan kyamara da idonta na farko. Ragowar ya raba tsakanin ido mai 1.8, da batir na biyu, da katin ajiya biyu, da fitilar ɗorawa, ya kuma ajiye wani abu don ƙaramar na'urar wanke hoto, tun da mai neman hoton takarda a hannu yake son karɓa. Ku kuma 'yan kasuwa da ake ba ku saƙo, ku tambayi mai saƙon aikin da zai yi kafin ku tambaye shi nawa ya kawo. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a neman kowa.