Ba Duk Mai Zama A Gida Ne Malalaci Ba

A kusan kowace unguwa akwai dakalin da magidanta da samari ke wuni a kai. Mai wucewa ya gan su sai ya ce ga 'yan zaman kashe wando. In sha'ani ya taso a dangi ba a shawara da su, in sun nemi aure a ce su fara neman abin yi, in kuwa abu ya ɓace a gida su ake fara zargi. Alhali kuwa da yawa daga cikinsu ciwo ne ya zaunar da su.

A dubi Kakuri ta Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ita kuma United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka koma gida. Likitoci sun daɗe da sanin cewa shekaru ana shaƙar ƙurar auduga kan bar wa mutum tari da ƙuncin ƙirji, ƙarar injin saƙa kuma kan rage ji. To, magidanci mai shekara hamsin da irin wannan ƙirji ba zai iya dako ba, ba zai iya acaɓa cikin hunturu ba. Amma maƙwabta ba su ganin ƙirjinsa, zamansa kawai suke gani.

Haka yake ga mai tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai wata shida ake yi ana sha, kuma lebura da aka ji yana tari sau da yawa sallamarsa ake yi. Haka kuma saurayi mai sikila, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Duk sa'ad da ciwon ya tashi sai ya yi fashin aiki, har maigida ya gaji ya ɗauki wani.

Rashin aikin kansa kuma yana jawo ciwo. Tunanin abinci da kuɗin haya kan hana barci, ya ƙara hawan jini, ga shi yawancin 'yan ƙasar nan daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani. In aka ɗora masa gori, sai mutum ya ɓoye ciwonsa, ya ƙi zuwa asibiti, har abin ya gagara.

Dokoki dai akwai su. Ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Ta 2019 ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, tare da asusu domin marasa galihu. Sai dai ɗan dako da birkila da mai wanki, waɗanda ba su da takardar ɗaukar aiki, da wuya su ga amfaninsu.

Saboda haka nauyi na farko yana kan dangi da masu unguwa da malamai. Kafin a kira mutum cima-zaune, a tambaye shi lafiyarsa, a raka shi asibiti, a nema masa sana'ar da jikinsa zai iya ɗauka. Lafiya uwar jiki ce, wanda ke da ita yau bai san gobe ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.