Wa ke hura wutar da muke jin ɗumi?

Da zarar Disamba ta raba, kowa a Facebook da TikTok sai ya zama ɗan barkwanci. Wannan ya ce yau kwanansa uku rabonsa da wanka, wancan ya ɗora hotonsa cikin bargo da hular sanyi ya rubuta wai Kaugama ta koma Landan. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma a makon jiya, wajen ƙarfe biyar na asuba ina kwance ina latsa waya, sai na ji ƙarar gatari a tsakar gida. Ƙanwata ce, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, take faskare cikin duhu, saboda itacen da aka fasa jiya ya ƙare a kaskon Kaka. Ruwan ɗumin da na yi alwala da shi ita ta ɗora. Ko sannu ban ce mata ba.

Tun ranar abin yake cina. Mu samari muna maganar hunturu kamar wani shiri ne da muke kallo, alhali a gida aiki ne, kuma aikin a wuyan mata da yara yake.

Duba yadda yini ɗaya yake tafiya. Iskar nan da ke taso mana daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Bodele ta ƙasar Chadi, wani daren sai ta sauko da sanyi kusan digiri 10. Ga wanda ke Rasha wannan wasa ne, amma mu ba a gina ɗakunanmu don shi ba, kuma a nan kwarin kogin Haɗeja sanyin fadama daban yake, har cikin ƙashi yake shiga. Kafin magariba sai an tanadi itacen girki da na jin ɗumi. Sai an fasa shi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga gatari a kan busasshen marke ya san ba aikin yarinya ba ne. Sai a jira wutar tuwo ta yi garwashi a kwashe a kasko, a kai ɗakin tsohuwa, a kai ɗakin mai jego. Cikin dare wani ya tashi ya duba ko ya mutu, ko zanin wani ya matso kusa. Da asuba a kwashe toka, a tono rushin da aka binne, a hura da kara, hayaƙi na shiga ido. A ɗora ruwan alwala, ruwan wankan 'yan makaranta, ruwan koko. Ruwan kansa sai an ɗebo, da hannun da ya riga ya tsage, ƙafa duk faso.

Sannan itacen ba kyauta ba ne yanzu. Kaka takan ce a zamaninsu bayan gari kawai ake fita a dawo da dami. Yau sai an yi tafiya mai nisa a samo sabara da kalgo, ko a saya wurin masu amalanke. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka, gas kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, gidajen da suka fara amfani da shi da yawa sun jingine tukunyar sun koma murhu. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, kuma wanda ya samu hali ya sake gini, bulo da kwano ya yi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare. Kwano kuwa rana na faɗuwa ya huce. Wato ɗakin zamani ya fi cin itace.

Na san abin da wasu za su rubuto min. Za a ce ai samarin yankin nan ba zaune suke ba. Gaskiya ne. Mai noman rani da ke shiga ruwa da sassafe yana ba alkama ruwa, da masuncin da ke jan koma a wannan sanyin, ba da su nake ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Da mu nake, masu kwana a shago mu tashi ƙarfe tara mu leƙa gida mu ce "Inna, akwai ruwan zafi?" Wani ma har faɗa yake idan ya tarar ya huce. Malam, wa ya ɗaure maka hannu? Ɗan almajiri mai shekara goma yana shiga daji ya yo itacen da za a yi karatun dare da shi, kai da ƙasumbarka ka ce faskare aikin mata ne.

Kuma akwai wani aikin da ya fi dacewa da mu, tunda mu ne muke taƙama da karatu. Gawayi ko garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya kwashe shi, wani ba ya farkawa. Iyayenmu suna toshe taga da tsumma ne don tausayin yara, ba su san abin da suke rufewa a ciki ba. Kai da ka sani, zagaya ɗakunan gidanku kafin ka kwanta. A fitar da kasko idan ɗaki ya yi ɗumi, a bar kafar iska, a nisanta shi da katifa da gidan sauro. Wannan ya fi sitatus ɗari amfani.

Maganar sare bishiya kuma, ni dai na gaji da masu zagin matan ƙauye daga cikin waya. Matar da ke da jariri a daren Janairu ba za ta bar shi ya daskare don an yi mata lacca kan kwararowar hamada ba. Idan da gaske muke, aikin na masu ƙarfi ne. A Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tohon da ya fi ƙarfi su rage sauran. Bishiyoyi suka dawo gonaki, rassan da ake ragewa kuma suka zama itacen girki a kusa da gida. A kwarin kogin Senegal ana yin gawayi da kachala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru. Mu kuma ko karan dawa da gero ba ma iya tattarowa mu jingine wa iyayenmu bayan girbi.

Ranar Asabar na karɓi gatarin. Sara uku na yi ya kafe a cikin itacen, ƙanwata na tsaye tana dariya, sai da ta nuna min inda ake bin tsagar. Tafin hannuna har yanzu da kanta, da kyar nake rubuta wannan. Abin da na fasa ya kai mu Talata.